Magaribar da Ruwan Mumbai Ya Mai da Ni Liman

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da wata sallar Magariba da na yi a birnin Mumbai, domin har gobe kullum bayan La'asar sai an tuna mini da ita. Amma kafin in kai ku can, bari in gaya muku matsayina a gidanmu, don ku san irin mutumin da aka tura gaba a ranar.

Ni mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wata warsha, shagon gyara ke nan, da ke bayan titin Sultana a nan Madina. Iyayenmu daga Sudan suka zo, ni ina goye aka kawo ni. A gidanmu da ke Aziziya, ni ne wanda ba a aika. An taɓa tura ni filin jirgi in ɗauko baƙuwa, na yini ina leƙen fuskokin mutane, ashe tun jiya ta sauka. An taɓa ba ni ɗinkin amarya in kai unguwar Khalidiyya, na kai shi gidan da ake zaman makoki (har na zauna na yi musu gaisuwa da ledar a cinyata). Tun daga nan, duk abin da ya taso sai ka ji an ce, "A kira Usmanu." Usmanu yayana ne, kuma bai taɓa ɓatar da ko allura ba. Shekarata talatin da huɗu, amma in an yi maganar aike sai a tsallake ni kamar ba na ɗakin, kuma abin yana cin raina fiye da yadda nake nunawa.

Sai gwiwar Kawu Idirisa ta ƙi. Kawu wan mahaifiyarmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu. Tela ne, kuma tun yana saurayi a Maiurno ya haddace Alƙur'ani, sai dai ba za ka taɓa ji daga bakinsa ba. Ya yi iya ƙoƙarinsa a kaina ina yaro, yana taka keken ɗinki yana biya mini, ni kuwa ina kaiwa izu biyu na gudu warsha. Likitoci suka ce sai an canza gwiwar, aka ba da shawarar Mumbai. Kafilin Usmanu, wato ubangidansa a wurin aiki, ya hana shi hutu. Aka zauna a falo ana neman wanda zai yi rakiya, sai na ɗaga hannu.

Inna ta dube ni ta dubi Kawu. Ta ce, "Wannan? Zai bar mini ɗan'uwa a filin jirgi ya dawo da jakarsa."

Kawu ya ce, "Halas, magana ta ƙare, shi zai kai ni."

A ranar na ɗaura wa kaina niyya. Zan kai shi, zan dawo da shi da ƙafarsa, kuma sai na ji ya faɗa da bakinsa a cikin wannan falon, a gaban Inna da Usmanu, cewa ni ma a riƙa aike na. Abin da nake nema ke nan, ba ƙari.

Na samu Shafik, abokin aikina a warsha, haifaffen Mumbai ne. Na sayi sabon littafin rubutu, na zaunar da shi a kan wani mataccen mukayyif, ya riƙa faɗa da Larabcinsa na warsha ina rubutawa. Kada in shiga jirgin ƙasa da safe ko da yamma da mara lafiya, za a matse mu har sai mun manta sunanmu. In ma na shiga, in duba taragon da kyau, akwai na mata zalla. Tasi baƙa mai ruwan ɗorawa, in ce a kunna mita tun kafin in zauna. Ruwan sha sai na gora ko dafaffe, in ƙishi ya kama ni a hanya in sha ruwan kwakwa da aka fasa a gabana. Burodi mai soyayyen dankali a ciki, in ci, amma koren barkonon da ake ɗorawa a gefe ba nawa ba ne. Damina ta kusa, in riƙe lema ko da rana ta take. Wuraren gani kuwa, ya lissafa mini babbar ƙofar dutse da ke bakin teku, da doguwar hanyar da ta lanƙwashe a gaɓa inda mutane suke shan iska da yamma, da filin masu wanki, da wani masallaci da aka gina a kan dutse a cikin teku, wanda ake isa gare shi ta wata siririyar hanya.

Ya ce, "Wannan na ƙarshe, ka tambayi lokacin ruwa kafin ka shiga. Ruwa yana tafiya yana dawowa, sadik. In ya dawo, hanya mafi, babu ita."

Na ce masa ai na san teku. Sau biyu na je Yanbu, kuma inda na bar ruwan da safe nan na same shi da yamma. Na dai rubuta don kada ya ji ba daɗi.

Sai idonsa ya kai kan wata leda da na rataya a ƙusa. Sabuwar farar jallabiya ce mai kwala irin ta Saudawa, da jan shimag na ɗorawa a ka, na saye su musamman don tafiyar. Kwana shida a mako cikin shuɗin kayan aiki nake, na ce ai ko a ƙasar wasu na sha iska. Shafik ya girgiza kai. Ya ce, "Wannan ka bar ta a gida. Ka sa riga da wando. Mutanenmu in suka ji Madina, zuciyarsu narkewa take." Wannan shawarar ko rubuta ta ban yi ba.

Bari in yi wa kaina adalci kafin in tona asirina. Mako ukun da muka yi a can na yi aiki. An yi wa Kawu tiyata lafiya, ban tsallake lokacin magani ko sau ɗaya ba. A kan kujerar roba nake kwana a gefen gadonsa. Ni nake ɗaga shi, ni nake kai shi bayi, ni nake riƙe shi yana koyon taku yana cije leɓe. Duk abin da ke littafin Shafik na bi shi layi-layi, har barkonon ban taɓa ba. Na yi alfahari da kaina, kuma har yau ina ganin na cancanta.

Matsalar daga jallabiyar ta fara. Ranar da muka sauka, direban tasi, wani mai farar hula, ya tambaye ni daga ina. Na ce Madina. Mutumin nan ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa, ya riƙa maimaita sunan garin a hankali. Washegari mai shayin ƙofar asibiti ya tashi ya ba ni kujerarsa. Kafin mako ya zagayo, wata mata da mijinta ke kwance a ɗakin da ke kusa da namu ta aiko a roƙe ni in yi masa addu'a. Na je na yi, ai addu'a ba laifi ba ce. Sai dai na lura tafiyata ta canza. Na rage sauri, na sayi carbi mai manyan 'ya'ya, na koyi wani irin murmushi na rufe ido rabi. Suka fara kira na Shaikh, ni kuwa ina amsawa.

Kawu fa? Yana cikin keken marasa lafiya da tsohuwar rigarsa ta Sudan mai faɗin hannu, wadda wanki ya cinye, da 'yar hularsa. Mutane suka ɗauka wani tsoho ne na tsinta nake yi wa hidima saboda Allah, abin ya ƙara mini daraja a idonsu. Ban taɓa gyara musu ba. (Duk cikin labarin nan, wannan ne abin da ya fi ba ni kunya, ba abin da ke tafe ba.) Wata rana kuwa da wani ya kama hannuna yana shafawa a fuskarsa, na ji Kawu daga cikin ɗaki yana cewa, "Ya Shaikh, in ka gama sa albarka, zo ka kai ni bayi."

Da likita ya yarda mu riƙa fita, na shiga tura shi wuraren da Shafik ya lissafa. Babbar ƙofar dutsen ba ta burge shi ba, ya ce ƙofa ce ba gida. Hanyar gaɓar teku ya so ta saboda iska. Filin masu wanki ne ya tsayar da shi kusan sa'a guda, yana kallon yadda ɗaruruwan riguna ke shanye jere ba tare da an rikita na wani da na wani ba, ya ce waɗannan mutane sun san hakkin tufa. Saura masallacin cikin teku, na bar shi sai jajiberin tafiyarmu don mu rufe da shi.

Bayan La'asar muka isa bakin hanyar. Na ga masu fitowa sun fi masu shiga yawa nesa ba kusa ba. Wani mai sayar da furanni ya tare ni, ya nuna mini agogonsa, ya nuna teku, ya yi ta magana da yarensu. Ni kuwa na saba da masu tare ni, sai na ɗaga masa hannu na yi masa murmushin nan nawa, na ce Allah ya yi albarka. Na tura keken Kawu muka wuce.

Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Farin gini, iska ta ko'ina, birnin can baya da dogayen gidajensa. Wani dattijo mai gemu ja da lalle ya gaishe mu da Larabci mai kyau, ya tambaye ni daga ina, na ba shi amsar da na saba. Muna nan zaune sai na ji ƙarar ruwa ta canza. Na leƙa, na ga igiyar ruwa tana tsallake hanyar da muka biyo, ta wannan gefe ta faɗa wancan. Masu gadi suka ja ƙofa suka rufe. Aka ce sai ruwa ya janye, nan da 'yan sa'o'i.

Kawu ya ce, "Wannan na cikin littafin naka?"

Na ce, "Yana ciki, Kawu."

"Tayyib, ya yi kyau."

Rana ta faɗi, ladan ya kira salla. Muka taru, maza kusan sahu huɗu. Sai aka shiga kallon-kallo, ashe liman ya fita gari bayan La'asar, ruwa ya tare shi a can. Dattijon nan mai jan gemu ya juya ya yi wa jama'a magana da yarensu. Kalma ɗaya na tsinta a ciki, Madina. Sai na ga sahu yana darewa, hannaye suna nuna mini gaba.

Kawu ba zai iya ja ba, a zaune yake salla. Ya kamo gefen jallabiyata ya jawo ni ƙasa, ya ce a hankali, "Ka ce musu kai baƙo ne, ladan ya ja."

Na ce, "Kawu, sun riga sun sa rai."

Ya saki jallabiyata. Ya ce, "To in ka shiga, ka tsaya a kan abin da ka sani. Gajeru."

Ga abin da ya shiga kaina tsakanin keken Kawu da wurin tsayuwar liman, taku bai fi goma ba. Na ce, mutumin Madina guda, ya zo tsakiyar teku ya karanta surorin da yara ke karantawa? Shekara ashirin ina salla a Harami, kunnena cike yake da karatun manyan limamai, akwai wata doguwar sura da nake bin ta a zuci duk lokacin da aka ja ta. Na tabbatar wa kaina cewa abin da kunne ya sha shekara ashirin, harshe ma ya iya. Kuma Kawu yana ji. Na ce yau zai san yaron da ya gudu daga gaban keken ɗinkinsa bai tashi a banza ba.

Na yi kabbara. Fatiha ta fita sumul, har da jan murya irin na Harami. Na shiga doguwar surar. Aya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, wallahi ni kaina na ji daɗin muryata, har na ji wani a bayana yana jan hanci. Na buɗe baki in ɗauki ta biyar, na tarar babu kowa a gida. Ashe duk shekarun nan liman ne yake ɗaukar aya, ni ina bin sa a baya, ban taɓa fara ta da kaina ba.

Maimakon in yi ruku'u in tsira, sai na ƙi. Na koma ta huɗu na sake tahowa da gudu ko zan tsallake ramin, sai na faɗa cikin wata sura dabam mai kama da ita. Nan take sahun farko gaba ɗaya ya ɗauka. Ba mutum ɗaya ba, murya biyar ko shida a lokaci guda, kowa yana gyara mini. (Daga baya na ji cewa dattijon mai jan gemu malamin hadda ne, waɗanda ke gefensa kuma tsofaffin ɗalibansa ne da suka rako shi. Duk wanda ka taɓa a sahun nan ya fi ni cancanta.) Muryoyin suka haɗu suka cakuɗe, ban tsinci ko kalma ba. Na sake gwadawa, na sake ɓata. Sai suka daina gyara mini. Ba ka jin komai sai ruwa yana dukan dutse. Gumi ya bi bayana, shimag ya zame ya rufe mini ido ɗaya, ga shi ba halin in gyara. Na ji tsoro, na ji kunya, na yi fatan ruwan ya ƙaraso ya tafi da ni.

Sai na ji murya ɗaya daga ƙarshen sahu, ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Kawu ne. Ya karanta aya ta biyar ya tsaya, daidai yadda yake yi mini ina ɗan shekara bakwai. Na maimaita. Ya ba ni ta shida, na maimaita. Ya ba ni ta bakwai. Daga nan ya yi shiru, na gane nufinsa, na yi ruku'u. A raka'a ta biyu na karanta sura mafi gajarta da na sani, da muryata ta warsha.

Bayan sallama na daɗe ina kallon bango, amma dole na juyo. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Dattijon ya matso ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Allah ya ƙara mana sani, mu da kai. Wane aiki kake yi a Madina?"

Na ce, "Mukayyif nake gyarawa."

Ya gyaɗa kai da gaske. Ya ce, "Aiki mai lada. Garin akwai zafi." Sannan ya nuna keken Kawu. "Wancan fa, wane ne?"

Na ce, "Kawuna ne. Shi ya rene ni." Mako uku ina garin, ranar na fara faɗar haka.

Dattijon ya wuce ni ya je ya durƙusa a gaban keken. Ɗalibansa suka bi shi. Suka roƙi Kawu ya karanta musu, ya yi ta noƙewa, daga baya ya karanta. Har ruwa ya janye suna kewaye da shi, ni ina gefe riƙe da lema da ledar magani. Da aka buɗe ƙofa na tura shi a kan jiƙaƙƙiyar hanyar, abin da ya ce da ni kawai shi ne in kula da rami.

A jirgi bai ta da maganar ba. Ni kuwa na riga na gama lissafi: na kai mara lafiya tsakiyar teku ruwa ya rufe mu, na bar mutane suna ɗaukarsa almajirin hanya, na kuma yi abin kunya a gaban Allah da jama'a. Jumlar da na je nema ta tafi. Na shirya zama wanda ba a aika har tsufana.

Ranar da muka dawo falon Aziziya ya cika. An yi asida, tuwonmu na Sudan, ana zuba shayi, Kawu ya taka daga ƙofa zuwa kujera da sanda, mata suna ta hamdala. Inna ta ajiye buta ta ce, "To, Yaya, gaya mana gaskiya. Yaya ya yi?"

Na sunkuyar da kai ina kallon kafet.

Kawu ya kurɓi shayi. Ya ce, "Bai tsallake mini magani ko sau ɗaya ba. Kwana ashirin a kan kujera ya kwana. Ya ɗauke ni ya ajiye ni bai taɓa yamutsa fuska ba. Daga yau a riƙa aikensa."

Na ɗago kai. Kafin in yi masa godiya sai ya ƙara da cewa, "Har limanci ya yi."

Usmanu ya ƙware da shayi. Ya ce, "Shi? Ya aka ƙare?"

Kawu ya ce, "An idar da salla." Sannan ya juyo gare ni. "Gobe bayan La'asar ka same ni a Harami, inda nake zama. Daga aya ta biyar za mu ɗauka."

Yau shekara guda da 'yan watanni ke nan ban fasa ba. Ina rufe warsha in tafi da shuɗin kayana, wani lokaci da baƙin mai a farce, in zauna a gabansa ya biya in maimaita. Surar nan na gama ta tuni, ko a barci ka tashe ni zan kawo maka ta biyar ɗin. Shafik kuwa da bakina na ba shi labari, tun daga ranar Maulana yake kira na, ko sukundireba zai ce in miƙo masa.

Saboda haka in za ka Mumbai, ga abin da zan ƙara a kan littafin Shafik. In mai furanni ya nuna maka agogo, ba albarka yake nema ba, ka tsaya ka saurare shi. In an tambaye ka daga ina, ka ce Madina, amma kafin a kamo hannunka ka yi maza ka faɗi sana'arka. Jallabiyar kuwa tana cikin akwatin Kawu, ya ce sai na kai izu goma zai ba ni. Ina na biyar, kuma sai na karɓo ta.